Na ɓata giyar tunawa da mamarki

Casilda 'yata,

Na bar ki kina barci, kin sha hanya. Na ɓata giyar cikar shekarar rasuwar mamarki. Da sassafe na zuba tafasasshen ruwa a kan garin tsiron masara, sai ya dunƙule, zaƙi ya ƙi fitowa. Maƙwabciyarmu Doña Remigia ta ɗanɗana, ta ce mini, "Haba Don Anacleto, mamaciya za mu tuna ko bango za mu yaɓa?" Ta ce mamarki ba ta barin ruwan ya tafasa, da tukunya ta fara kuka take sauke ta. Shekara talatin ina jin kukan nan, ban taɓa tambaya ba. Ki yafe mini.

Na tafi kasuwar Cliza neman wani tsiron. Saura kwana tara. In ba a jiƙa yau ba giyar ba za ta nuna ba, baƙi su zo babu abin zuba wa mamarki a ƙasa, kamar yadda aka saba.

Ki wanke randa, ki hura wuta da tsakar rana. In na dawo ke za ki zuba ruwan. Ni itace zan riƙa kawowa, kamar da.

Babanki