Ruwan Ƙarfe a Gafakar Malam

Daren Laraba, watan Afrilu, Zaitawa.

Na kasa cin tuwo. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta Malam Bukar ta mutu, kuma da hannuna a ciki.

Zafin bazarar nan ne ke sa ta ɗaukewa tana tsakar aiki. Da ya kawo ta shagona ya ce, "Sani, an ce akwai waɗanda ake sanyayawa da ruwa." Na ce ruwa ai tsohon yayi ne, ruwan ƙarfe zan shafa mata a kan ƙwaƙwalwarta, wato narkakken ƙarfen da ba ya daskarewa, ya fi jan zafi. Har da cika baki!

Ta yi sanyi kuwa. Abin da ban tambaya ba shi ne inda yake ajiye ta. Ashe ba ya barin ta a ƙasa, saboda sautin tafsirin marigayi mahaifinsa yana ciki. A gafaka yake saka ta, ya rataye ta a bango kamar Alƙur'ani. Tana tsaye ƙarfen ya gangaro a hankali, ya haɗa wayoyin cikinta, komai ya ƙone har ma'ajiyar da tafsirin yake ciki. Kaset-kaset ɗin da aka kwafo shi daga ciki kuwa tuni suka lalace.

Wallahi na so ya zage ni. Amma da na buɗe masa ita yau, sai ya kalli ɗigon ƙarfen mai ƙyalli, ya ce, "Ƙaddara ce, ɗana." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ko Fatiha kaɗai ta fito, ka kira ni. Muryarsa nake so in ƙara ji."

Ga ta nan a gabana a buɗe. Na san babu abin da zai fito, amma na ce masa to.