Rasuwar Dokta Bibata Sumana da Masu Neman Littattafanta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Gaya da Kewaye ta samu labarin rasuwar uwarta kuma shugabarta ta farko, Hajiya Dokta Bibata Sumana, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin Talata a gidanta da ke bakin kogi, bayan jinyar wata biyu, tana da shekara hamsin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya, 'yar masunta ce haifaffiyar garin nan, ta ƙarar da ƙarfinta a kan ADN, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mai rai, wanda sinadaran furotin ke sauka a kansa su buɗe ko su rufe umarnin da yake ɗauke da shi. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne, furotin biyu na iya zama a kan zaren ba tare da sun taɓa juna ba, amma saukar ɗaya sai ta ɗan sauya fasalin zaren, har riƙon ɗayan ya ƙara ƙarfi ko ya sassauta, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Takan ce wa ɗalibanta su tuna masunta biyu da ke riƙe da igiyar koma ɗaya, kowa na jin motsin ɗan'uwansa a hannunsa ko da ba ya ganinsa. Burinta shi ne ta gano ko wannan na da hannu a yadda wata shinkafar fadama ke jure ambaliya, wata kuma ta ruɓe.

Ba za mu ɓoye abin da ta gamu da shi ba. Shekara tara da suka wuce ta gabatar da aikin nan gaban wani kwamiti na cibiyar da take aiki a lokacin, wanda shugabansa, mutumin da rabonsa da ɗakin gwaji tun yana ɗalibi, ya shaida mata a bainar jama'a cewa abin da bai taɓa abu ba ba ya motsa shi, ya kuma ba ta shawarar ta koma ta koyi dafa shinkafar kafin ta bincike ta. Masana a wasu ƙasashe sun riga sun nuna haka na faruwa. 'Yan kwamitin ne ba su karanta ba. Suka yi dariya, suka karɓe ɗakin gwajinta, suka mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ta dawo Gaya tana koyarwa a lise, wato babbar makarantar sakandare, ta ci gaba da aikin a shagon gidanta. Ko da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka, da kanta take shiga kwalekwale ta karɓo kayan gwaji cikin ƙanƙara daga Malanville, garin da ke ƙetaren kogi.

Jiya Laraba, kafin ƙasar kabarinta ta bushe, takarda ta iso daga waɗannan mutane mai shafi uku, suna kiranta abin alfaharinsu, sun rubuta sunanta ba daidai ba har sau biyu, a layin ƙarshe kuma suna roƙon a aika musu littattafan bincikenta domin, in ji su, su adana. Maigidanta, Alhaji Sule Maigari, ya nemi mu isar musu da amsarsa: littattafan goma sha huɗu ne, marigayiya ta damƙa su da hannunta ga ɗalibarta, Malama Ajuma Hama, wadda ta san abin da ke cikinsu.

Ƙungiyar na miƙa ta'aziyyarta ga Alhaji Sule, da 'ya'yansu Aisata da Yakuba, da dangi, da ɗaukacin ɗalibanta. Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan rashi.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Litinin da safe a ƙofar gidan. Mun ji cewa tawagar kwamitin na shirin zuwa da jawabi a rubuce. Za a shimfiɗa musu tabarma, a ba su ruwa kamar kowane baƙo. Ba za a ba su lasifika ba.

Malam Usman Idi Dioundiou
Kakakin Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Gaya da Kewaye