Sunan da Ban Tura Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Wata sabuwa. Oga Thaddeus na ofishin kula da ma'aikata ya tara mu shugabannin sassa, wai kamfani zai fara horar da "shugabannin gobe". Kowane sashe ya ba da mutum ɗaya, a kai shi Legas wata shida. Wata shida! A farkon damina, daidai lokacin da shanu ke kawo nono sosai. Shi yana zaune a ofis yana shan sanyin esi, bai taɓa ganin madara ta tsinke a tanki ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sashen karɓar madara a kamfanin yogot ɗin nan na Lugbe, ba wanda ya taɓa tura ni kwas ko da Gwagwalada ne.

Laraba, 7 ga Mayu
Na tura sunan Lawal. Mutumin kirki ne, ba ya makara. Kowa ya san Nazeefa ta fi shi, ni ma na sani. Amma ita ke jin Fulatanci, ita matan rugagen Sheda suka yarda da ita. In ta ce nonon nan an sirka shi da ruwa, ba mai yi mata musu. In ta tafi, wa zai yi? Ba zalunci ba ne, tsari ne.

Juma'a, 9 ga Mayu
Awa biyu cikin cunkoso a hanyar filin jirgi. Kaina kamar zai tsage.

Talata, 13 ga Mayu
An manna sunaye a allo. Nazeefa ta shigo ofishina, ko zama ba ta yi ba.
"Yallaɓai, so nake in san abin da na rasa, don in gyara."
Na ce ba ta rasa komai ba, buƙatarta nake a nan. Sai cewa ta yi, "Bara ma haka ka faɗa musu da aka nemi mataimakin manaja a reshen Kaduna."
Wa ya gaya mata? Ofishin nan ba a riƙe magana, wallahi.
Tana fita ta ce, "Ashe iya aikin ne laifina." Ni da na ɗauko ta ba ta san ko ma'aunin madara ba! Yau ni take wa wannan kallon.

Alhamis, 15 ga Mayu
Thaddeus ya kira ni. Ya baje takardun tantance ma'aikata na shekara uku a kan tebur, duk da sa hannuna. Da Hausarsa ta Abuja ya ce, "Malam Nababa, wannan yarinya shi ne ya fi kowa, kai ka rubuta. Tun da ka zama oga, mutum nawa ya tashi daga hannunka ya hau sama?"
Na ɗaga murya. Na ce sashena ne kaɗai bai taɓa tsayawa ba ko rana ɗaya. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.
A mota na zauna ina ƙirgawa. Babu ko ɗaya. To sai me? Aiki aka ɗauke ni, ba renon manajoji ba.

Litinin, 19 ga Mayu
Nazeefa ta kawo takardar ajiye aiki. Nan da wata ɗaya za ta tafi. Wani kamfani a Jos. Butulci.

Talata, 27 ga Mayu
Na bi su Nazeefa zuwa Sheda don in ga abin da zan gada in ta tafi. Raina ya ɓaci yau fiye da kullum, kuma na kasa gane da wa nake fushin.
Muna isa Nazeefa ta koma gindin bishiya ta zauna. Lawal ne ya gaisa da matan da Fulatanci, suna ta yi masa dariya suna gyara masa. Khaula ta ɗakin gwaji ta auna nonon, ta mayar da ƙwarya biyu, ba wadda ta yi gardama. Aka loda, aka gama kafin ƙarfe tara.
Na tambayi Lawal yaushe ya koya. Ya ce shekara guda ke nan Nazeefa tana koya musu shi da Khaula, kullum a mota. "Cewa ta yi kada aiki ya tsaya a kan mutum ɗaya, yallaɓai."
A sashena. Shekara guda. Ban sani ba.
Wato da ta tafi Legas ɗin ma ba abin da zai faru.

Laraba, 28 ga Mayu
Lawal ya ce a ba Nazeefa gurbinsa na zuwa Legas. Thaddeus ya yarda. Ni na je na same ta da kaina, a gaban mutane, na faɗa mata. Ta yi godiya, ta ce ta riga ta yi wa mutanen Jos alkawari. Na juya na koma ofishina.

Alhamis, 19 ga Yuni
Ta tafi. An sha lemo, an yi hotuna. Aka ce in yi jawabi, na ce Allah ya sa alheri, na zauna. Har yanzu ina jin haushi. Ba nata ba dai.

Litinin, 23 ga Yuni
Khaula ta shigo da wata takarda a hannu, tana ta kame-kame. Kwas ne na tabbatar da ingancin abinci, Talata da Alhamis, har wata huɗu. Ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, Lawal zai tafi, ga damina, in bai yiwu ba ba komai. Da alama tun Fabrairu takardar ke jakarta, duk ta yamutse.
Na sa hannu. Don kada Thaddeus ya sake kira na ne kawai.
Gobe Talata, ba mai riƙe ɗakin gwaji. Ni ke nan. Bari in nemo tsohuwar farar rigata ta ɗakin gwaji, in har yanzu tana yi mini.