Burodin Kurciya da Maganar Madam

Yaya Habi,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina gajiya? Ya ƙafar Inna? Ya ɗana Abdu, yana zuwa lakwal karatu kuwa? Ni lafiya lau, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Kin san Madam Lusiya, tsohuwar nan 'yar Italiya da nake wa aiki a shagon burodi a unguwar Al Khabaisi, nan ƙasar Larabawa. Duk bikin Ista takan gasa wani burodi mai zaƙi mai siffar kurciya, da ɓawon lemo a ciki. Bana hannunta na rawa, sai ta zauna ni na kwaɓa. Kwaɓin ya ƙi tashi da wuri, ina ta leƙawa tana cewa, "Shwaiya, a hankali Ramatu, bar shi ya huta."

Da ya gasu ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Sai ta ce, "Khalas, shi ke nan, na gaji. Bayan biki zan rufe shago in koma gida. Ki biyo ni, ɗana na neman mai hannu irin naki a shagon burodinsa."

Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, jiya har burodi na ƙona. In na bi ta, na ƙara nisa da Abdu. In na ƙi, bizata ta tafi tare da shagon.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki tambayi Abdu a hankali ko ya yarda in bi ta, ki faɗa mini abin da ya ce, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

A sa ni a addu'a. Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanwarki,
Ramatu