Ciwon Da Ba Shi Da Layi A Littafin Ƙungiya

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu haƙar yashi a bakin kogin Wudil,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da sauran dattawa. Ni ne Sale ɗan Lajawa, wanda ya shekara goma sha huɗu yana nutso da bokiti a ƙarƙashinka.

Na farko. Daminar bara, da kwale-kwale ya kife da mata masu dawowa daga kasuwa, na shiga na fito da gawa huɗu. Ta ƙarshen da goyonta, zanin ko kwancewa bai yi ba. Tun ranar, da ruwa ya kai mini ƙirji sai numfashina ya ɗauke.

Na biyu. Dokarmu ta ce ana ajiye wa mara lafiya gurbinsa. Magatakardan ƙungiya ya ce in nuna ciwon. Me zan nuna? Ba karaya, ba jini. Ya ce layi uku gare shi a littafi: rashin lafiya, barin aiki, taɓin hankali. Sai ya rubuta na bar aiki. Wallahi ban bari ba. Kullum ina zuwa, in tuɓe riga, in tsaya a gaɓa kamar turke.

Na uku. Abokan aikina suna ce mini matsoraci, wasu sun ce mutanen ruwa ne suka shafe ni, har hayaƙi an yi mini. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ciwo ne sananne, firgici ne ya bar rauni a zuciya, kuma ana warkewa. Da na kai wa magatakarda wannan bayani, ya ce ai sunansa hauka a Hausa, in na yarda ya rubuta. Ka kuwa sani, wanda aka rubuta wa haka ba ya sake hawa kwale-kwale.

Ranar Juma'a za a ba wani gurbina. Roƙona a ƙara layi ɗaya: ciwon firgici. Gaskiya ban sa rai ba, na gaji. In ba zai yiwu ba, ku goge barin aikin, ku rubuta haukan. Gara 'ya'yana su ji cewa ciwo ne ya fitar da ubansu da su ji gudu ya yi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare duk mai shiga ruwa.

Wassalam.
Sale Lajawa