Keken Baba a Saman Mota

Talata, 19 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma ciwon bayan da ka ce yana damunka ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yaran. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gwiwar matata tana nan yadda ka san ta, ni kuma idanu sun fara ƙin ƙananan rubutu, shi ya sa za ka ga layukan sun karkace. Na san za ka ce me ya hana ni ɗaukar waya. Saƙonninka na murya guda bakwai suna nan, na saurare su duka, kuma tambaya ɗaya ce a cikinsu, wato ko keken Baba ya iso gidana lafiya. Amsar ba ta waya ba ce. In na kira ka, katse ni za ka yi tun ban kai tsakiya ba, kamar yadda ka saba.

Kafin in kai ga keken, bari in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. A watan nan aka cika shekara talatin da shida da zuwan takardar da ta ba ni gurbin karatu a waje. A satin Baba ya kwanta. Na ninke takardar na sa a akwati, na karɓi aiki a ofishin safiyo, na shiga jan tef a rana ina auna filayen mutane. Bayan shekara huɗu taka takardar ta zo, babu wanda ya ce ka ninke ta. Ban taɓa yi maka baƙin ciki ba, Allah shi ne shaida. Abin da ke ci mini rai shi ne tun daga lokacin aka raba mana aiki ba a tambaye ni ba: kai ke faɗa, ni ke yi. Jinyar Baba, jinyar Inna, rufin da ke yoyo, yanzu kuma kwashe kayan gidan Baba tun da an sayar da shi. Da na tambaye ka abin da kake so a cire maka, ka ce ba ka son komai sai keken, a ajiye maka har ka zo. Kai a wurinka magana ce ta numfashi ɗaya. Ni ta cinye mini sati uku.

Ina jin ka manta yadda keken yake. Ba irin waɗanda 'ya'yanka ke hawa ba ne, da mutum zai ɗaga da yatsa biyu. Baƙin ƙarfe ne zalla, ga akwatin nan na katako a baya wanda Baba ke zuba kayan gyaran keken ɗinki in zai zaga gidajen teloli. Na ɗora shi a sikeli, kilo ashirin da huɗu. Tayoyin sun mutu, sarƙar ta daskare, ba ya turuwa balle a hau. Daga tsohon gida zuwa nawa kuma tafiyar awa guda ce a mota. Surukina makanike, mijin babbar 'yata, ya ce a kwance tayar gaba a cusa shi a but a huta. Na ce notin da ya shekara arba'in ba a taɓa shi ba, in aka sa masa sifana gutsirewa zai yi. Ya ce to a jefa shi cikin motar da za ta kwashi sauran kaya. Na ce keken da ya kai mu makaranta, ni a kan akwati kai a kan sandar gaba, ba zai yi tafiyarsa ta ƙarshe tsakanin tukwane da tsofaffin katifu ba. Daga nan na yanke shawarar sayen kariya, ƙarfen nan da ake ɗaura wa mota don ɗaukar keke.

A nan ka shigo da hotonka. Ka turo mini motarka da kekuna uku rataye a bayanta, yara suna dariya, ka ce irin wannan zan saya, kada in tsaya dogon lissafi. Na riƙe kalmar nan ta dogon lissafi.

Shago ɗaya ne na samu mai sayar da su, wani ɗan lungu a layin masu kayan mota, kwalaye har rufi, fanka tana juya ƙura. Mai shagon mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya baje mini iri uku a ƙasa. Na farko irin naka ne, wanda ake maƙalawa a murfin but da igiyoyi masu ƙugiya. Na karanta takardarsa, an rubuta kada keke ɗaya ya wuce kilo goma sha biyar. Ban da haka yana rufe lambar mota da rabin fitilun baya, ni kuwa na tsufa da tsayawa a bakin titi ina yi wa ɗan sanda bayani. Mai shagon ya ce ai in na kwance akwatin katakon na sa shi a kujerar baya, nauyin zai ragu, kuma tafiyar awa ɗaya a hankali ba za ta karya komai ba. Gaskiya ya faɗa. Sukurori huɗu ne kawai suka riƙe akwatin. Amma tun da na ce zan gaya maka komai, to ba nauyin ne ya hana ni ba. Kai ka zaɓe shi, shi ya sa na ƙi shi. Na biyu yana zama ne a kan ƙugiyar jan tirela, shi ne ya fi duka ƙarfi, sai dai motata ba ta da ƙugiya. Surukina ya ce akwai mai waldar da zai ƙera mini ita a wuni ɗaya. Na ce ban yarda da abin da aka ƙera da ido ba tare da awo ba. Saura na uku, na saman mota: sanduna biyu a gicciye, doguwar kwata da tayoyi ke zama a ciki, da hannu ɗaya mai kama keken a tsaye. Yana ɗaukar kilo ashirin da biyar, ba ya rufe komai, ba ya taɓa fenti. A takarda babu na biyunsa.

Da na ce shi nake so, mai shagon ya sosa ƙeya. Ya ce kusan duk wanda ya sayi wannan yakan dawo masa da labari iri ɗaya: mutum ya yi tafiya ya gaji, ya manta akwai abu a samansa, ya kutsa ƙarƙashin rumfa ko get. Ya ce in ɗaura jan ƙyalle a madubin gaba don ya riƙa tuna mini. Na gaya masa shekara talatin da biyu na yi ina auna tsawo da faɗi, kuma get ɗin gidana ni na zana shi da hannuna. Ya ce to ranka ya daɗe, ai an zo wurin. Har yau ban san ko yabo ne ko ba'a ba.

Da na koma gida na zauna na yi lissafin da ka ce kada in yi. Na auna motar da tef, ƙafa biyar cif. Na auna kariyar, inci uku. Keken kuma daga ƙasa zuwa kansa ƙafa uku da inci biyar. Duka ƙafa takwas da inci takwas. Sai na ɗauko tsohon littafina mai baƙin bango, wanda na rubuta duk awon gidan nan a ciki lokacin gini, na buɗe shafin get: daga ƙasa zuwa linta, wato kankaren da ya gitta a sama, ƙafa tara. Inci huɗu suka rage. Ga mai safiyo, inci huɗu fili ne babba. Tef ɗin yana hannuna, Auta. Daga inda nake zaune zuwa get bai kai taku ashirin ba. A ofis abin da muke fara koya wa sabon ma'aikaci ke nan, cewa kada ya yarda da tsohon zane sai ya je ya taka wurin da ƙafarsa. Na kori mutum daga tawagata a kan wannan. Amma zanen nawa ne, rubutun nawa ne, sai na rufe littafin na tafi na ci abinci.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗora keken a tsohon gida, ni da surukina. Sai da muka taka benci kafin mu kai shi sama, kafaɗata har yau ba ta dawo daidai ba. Ya ɗaure tayoyin, ya matse hannun, ya girgiza shi da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Ya ce wannan kam ya zauna. Shi ne yabo na farko da na ji daga bakinsa tun da aka fara maganar. Ya tsaya jiran motar kaya, ni na kama hanya ni kaɗai. Ban wuce gudun arba'in ba. Masu babura suna ta yi mini hon, wani direban bas ya leƙo ya tambaye ni ko gidan tarihi zan kai shi. Ban kula shi ba. Duk ramin da na faɗa, ƙararrawar keken takan yi ƙara ɗaya a samana, irin wadda muke ji daga ɗaki mu san Baba ya shigo lungu. Ba zan ɓoye maka ba, awar nan ita ce mafi daɗi da na yi a shekarar nan. Na riƙa kauce wa rassan bishiya da wayoyin da suka yi ƙasa, ban manta da shi ko na minti ɗaya ba. Da mantawa na yi, da abin ya fi mini sauƙi.

Da na iso, matata ce ta buɗe get. Ta ɗaga kai ta dubi keken, ta dubi lintar, sai ta ɗaga hannu ta ce in dakata. Na sauke gilashi na ce mata na auna. Ta ce in dai sauko in duba da idona. Na ce shekara nawa ta yi a ofishin safiyo. Sai ta matsa gefe. Ka tuna bakin get ɗin yana da ɗan tudu, mota ba ta hawansa sai an ba ta wuta. Na ba ta wuta.

Ba zan kwatanta maka ƙarar ba. Na kashe mota na fito, maƙwabta biyu sun riga sun leƙo, suna sannu sannu. Ban ɗaga kai ba tukuna. Na shiga ɗaki na ɗauko tef, na auna daga ƙasa zuwa linta: ƙafa takwas da inci huɗu. Sau biyu aka cika bakin get ɗin nan da kankare saboda ruwan sama da ke malalowa tsakar gida tun da aka ɗaga titi, sau ɗaya shekara tara da suka wuce, sau ɗaya bara waccan, inci huɗu-huɗu. Ni na kira magini duka biyun, ni na tsaya a kansa, ni na gaya masa kaurin da zai zuba. Kullum a kan tudun nake takawa in fita masallaci. Littafin ne kawai ban gyara ba. Matata ta kawo mini kujera ta ajiye a inuwa, ta kawo ruwa, ta koma ciki. Da surukina ya iso da motar kaya, sai ya hau benci ya kwance abin da ya rage. A motar kayan kuwa ko kofi ɗaya bai fashe ba.

Motar ba ta yi wani mugun rauni ba, rufin ya ɗan lotsa, surukina ya ce zai buge shi. Kariyar tana nan jingine a bayan ɗaki, lafiyarta ƙalau, in ban da hannun da ya lanƙwashe. Abar kirki ce, ba ta da laifi, mai shagon ma ba shi da shi. Ba na neman ka ce mini ba komai, kuma ba na son jin cewa da na bi shawararka. Na riga na gaya wa kaina wannan fiye da yadda za ka iya. Na gaji ne kawai, Auta. Gajiyar da ba ta kafaɗa ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce mata maganin gwiwar da ta aiko yana aiki. Ka gaida babban ɗanka mai sunan Baba, da 'yan biyu, da 'yar autarka da ban taɓa gani ba sai a waya. Matata tana gaishe ku, haka 'ya'yana da surukina. Goggo tana nan da ranta, ta ce in tambaye ka ko sai ta mutu za ka zo. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Yayanka.

Na sake karanta takardar, na ga duk tsawonta ban ba ka amsa ƙarara ba. Keken ya karye gida biyu daga wuya, kan ya rabu da jikin, akwatin katakon ya tarwatse. Na kai wa mai walda jiya, ya duba ya ce tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki, babu inda wuta za ta kama. Babu keken Baba.