Ƙofar Makokin Prosper Chemla Ba Za Ta Rufu Ba

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Iyaye Masu Gadin Majami'ar Ner Tamid ta Yahudawa da ke Marseille, a madadin shugabanta da kwamitinta, da limaminmu mai girma Rabbi Yossef Nataf, da dattawan majami'a, da mambobinta maza da mata, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, tsohon shugabanta kuma ubanta, Dattijo Prosper Chemla, wanda yaranmu suka fi sani da Kawu Prosper. Ya rasu ranar Lahadi da safe a asibiti yana da shekara saba'in da shida, bayan doguwar jinyar da ya sha tun ranar da aka kayar da shi a bakin titi cikin hunturun da ya wuce, kuma an yi jana'izarsa jiya Litinin. Ya bar matarsa, Uwargida Ginette Chemla, da ɗansa Daniel, da 'yarsa Murielle, da jikoki. Albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya.

Wannan saƙo zai fi na al'ada tsawo, kuma ba za mu nemi afuwa a kan haka ba. Tun da aka dawo daga maƙabarta, Daniel bai samu ya karanta wa mahaifinsa Kadish, addu'ar da ake yi wa mamaci, a gidan makoki ba, domin addu'ar ba ta yiwuwa sai da maza goma na al'ummarmu, mazan da suka hau benen kuwa ba su kai goma ba. Za mu zo kan wannan. Amma tukuna bari mu tuna wa masu saurin mantuwa ko wane ne aka rasa.

An haifi Prosper Chemla a Tunis, ya sauka daga jirgin ruwa a tashar Marseille yana ɗan saurayi tare da mahaifiyarsa, a shekarun da zama ya gagari iyayenmu da yawa a can. Ya yi hidimar soja kamar kowane ɗan ƙasa na zamaninsa, ya koyi sana'ar makulli, ya buɗe ɗan shagonsa kusa da tashar bas, har ya zama da wuya ka sami gida a unguwarmu, na Bayahude ne ko na Musulmi ko na Kirista, wanda hannunsa bai taɓa kwadonsa ba. Da aka fara kai hare-hare kan makarantu da shagunan Yahudawa a ƙasar nan, shi ya sa wa majami'armu ƙofar ƙarfe, yana aiki yana mita tun safe har yamma. Ranar da ya gama muka taru muna yaba masa, sai ya ajiye guduma ya dube mu ya ce, "Kada wanda ya tafa mini. Na rantse da Attaura, wannan ƙofar abin kunya ce ga Faransa, ni kuma aka sa na kafa ta."

Da aka janye sojojin da ke gadin makarantar yaranmu, wasu suka fara zancen cire 'ya'yansu, wasu suka fara neman mai sayen gida. Shi kuwa ya tara iyaye a bayan shagonsa ya raba mana ranaku, nan ƙungiyar nan ta samo asali. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin makaranta kowace safiya, ana ruwa ko ana iskar nan mai shiga ƙashi, da gorar kofi a hammata wadda yake zuba wa 'yan sandan sintiri, domin a wurinsa ɗan sanda ɗan wani ne da aka turo ya tsare ɗan wani. Ya san kowane yaro da sunansa da sunan kakansa. In ya ga saurayi ya ɓoye 'yar hular ibadarsa a ƙarƙashin hular hana-sallah, sai ya ja masa kunne ya ce, "Ɗan nan, wa kake ɓoye wa? Na sama dai yana gani ta cikin hular."

Ra'ayinsa kan siyasar ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya taɓa kunna rediyon unguwa ranar Lahadi da safe ya ji shi. Yana cewa wanda ya kashe yara a ƙofar makaranta ɗan ta'adda ne, a kira shi da sunansa, a daina nemo masa ciwon ƙwaƙwalwa da tarihin wahala tun ba a binne yaran ba. Yana cewa dokar da alƙali ba ya zartarwa ado ce kawai, kuma ƙasar da ta kasa tsare tsoho a kan titinta ba ta da bakin yi wa duniya wa'azi. An kira shi mai tsattsauran ra'ayi, an kira shi ɗan baya, ko gezau bai yi ba. Ya caccaki 'yan siyasar da ke yin gum a kan ƙiyayyar Yahudawa don kada ƙuri'a ta zube musu, amma waɗanda suka wayi gari suna ƙaunarmu don kawai sun tsani Larabawa su ma ba su tsira daga bakinsa ba. "Jiya kakanku ya nuna wa masu farautar Yahudawa ƙofar kakana, yau kuna kawo mini sumba," in ji shi, "ku riƙe abinku." Mu da kanmu mun sha yin faɗa da shi a kwamiti, don mutum ne mai taurin kai da ba ya karɓar gyara sai ya kwana biyu. Ko 'yarsa Murielle, da ke zaune a birnin Ashdod can ƙasar waje, ta yi ta roƙonsa ya tattara ya koma wurinta, amsarsa ɗaya ce, wai an taɓa korarsa daga gari sau ɗaya kuma ya ishe shi.

Ranar da aka kayar da shi, Asabar ce da rana tsaka, yana dawowa daga majami'a da hularsa a kai. Wasu samari suka tare shi, suka kira shi da sunan da ba za mu maimaita a nan ba, suka fizge hular, suka hankaɗe shi kan dakalin titi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Mutane sun gani, sun ji abin da aka faɗa, sun kuma ba da shaida. Washegari wata jarida ta ba abin layi huɗu a can ƙasan shafi, wai dattijo ya faɗi bayan cacar baki da matasa. Cacar baki! Kamar dai tsohon nan ya tsaya yana jayayya da su a kan wasan ƙwallo. Mun je, mun buga waya, mun nemi gyara, aka ce mana ba a tabbatar da dalilin harin ba tukuna. To, yau ya tabbata a ƙarƙashin ƙasa, sai mu ga layi nawa za a ba shi. Muna gode wa 'yan sandan da suka yi aikinsu suka kama waɗanda ake zargi, muna kuma jiran kotu, idonmu a buɗe.

Jiya, muna maƙabarta muna zuba masa ƙasa, wani matsoraci ya zo da fenti ya zana tauraronmu mai kusurwa shida, alamar Yahudawa, a bangon benen da marigayin yake zaune, ya rubuta lambar hawan gidansa a ƙasa. Wani jami'in tsaro, da kyakkyawar niyya kuma mun gode masa, ya ba da shawarar a mayar da zaman makokin wani wuri da ba za a bayyana ba, ko kuwa a kulle ƙofa, duk mai zuwa ya buga waya tukuna. Murielle ta durƙusa gaban mahaifiyarta tana kuka, tana cewa, "Mama, don Allah, na rasa Baba, kada in rasa ki." Babu wanda zai ga laifinta. Amma kowa a cikinmu ya san ƙofar gidan makoki ba a kulle ta kwana bakwai, ba a ƙwanƙwasawa, ba a jiran a ce shigo, mai ta'aziyya turawa yake ya shiga ya zauna. Uwargida Ginette, tana zaune a kan 'yar kujerar makoki da rigarta da ta yaga bisa al'adarmu ta makoki, ta saurari kowa har ya gama, sannan ta juyo gare ni, mai rubuta wannan saƙo, ta ce, "Armand, ɗana, a gidan nan ya ci, a gidan nan ya yi ta surutunsa har kunnena ya gaji, a gidan nan za a zauna masa. Ɗauko takalminsa ka tokare mini ƙofar." Na ɗauko na tokare, kuma har yanzu a tokare take.

Da yamma ta yi, matanmu suka cika falo har kicin, da tukwanen kuskus da dafaffen ƙwai, wasu da jarirai a hannu, sun bi ta gaban wannan fentin sun hau ba tare da sun waiwaya ba. Maza ne suka yi ƙaranci. A maƙabarta mun fi ɗari, inda akwai motar 'yan sanda a bakin ƙofa da masu ɗaukar hoto. A falon Prosper mu bakwai ne, har da Rabbi Nataf, har da ni, har da Daniel ɗin kansa. Na tsaya a taga na ga motoci suna shigowa layin, suna rage gudu daidai bangon, suna wucewa. Na san motocin nan, na san masu su, wasunsu Prosper ne ya riƙa tsallakar da 'ya'yansu titi. Ba zan kira suna ba, yau ba ranar tonon silili ba ce. Daniel ya tsaya a bakin ƙofa da littafin addu'a a buɗe yana leƙen matakala, duk motsin da ya ji sai ya ɗago kai, har lokaci ya wuce Rabbi ya dafa kafaɗarsa. Na ga Daniel, mutum mai shekara hamsin, ya rufe littafi ya juya fuskarsa bango, kuma tsakani da Allah ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Yau da safe ma mu bakwai ɗin ne.

Ƙungiya tana miƙa godiya ta musamman ga maƙwabcin marigayin na hawa na biyu, Alhaji Lakhdar Benamar, wanda suka shafe shekaru suna musu da Prosper a kan siyasa a bakin matakala ba tare da ɗayansu ya sauka daga ra'ayinsa ba. Da ya ga muna ƙirga kawuna muna sake ƙirgawa, sai ya matso ya ce, "Malam Rabbi, in mutum ake nema ai ga ni, ku ƙirga da ni mana. Wallahi zan yi shiru, ba zan ɓata muku komai ba." Rabbi ya riƙe hannunsa ya bayyana masa cewa ƙa'idar addini ba ta ba da wannan ba. Alhaji ya ce, "To shi ke nan, kowa da nasa." Ya sauka ya ɗauko kujerarsa ya dasa a ƙofar benen, daidai ƙarƙashin fentin, da carbinsa a hannu, ya ce duk mai son hawa da mugun nufi sai ya fara gaishe shi. Yana can zaune yanzu haka da muke rubuta wannan saƙo.

Ga masu girma 'yan siyasa, na dama da na hagu, muna da magana ɗaya. Wani daga cikinku ya aiko da katafaren kambun furanni, sunansa a jikin ƙyallen ya fi na mamacin girma. Da ya taɓa zama a gidan makokinmu ko sau ɗaya, da ya san ba ma kai wa mamaci furanni. An mayar masa da abinsa cikin mutunci. Ba ma neman furanni, ba ma neman jawabi a gaban kyamara, abin da muke nema shi ne tsoho ya taka daga majami'a zuwa gidansa da hularsa a kai ya isa lafiya. Ga 'yan jarida kuma, ƙofa a buɗe take gare ku kamar kowa, ku hau ku zauna ku gani da idonku, in kun fita ku rubuta abin da kuka gani da sunansa.

Ga Uwargida Ginette Chemla, uwarmu, da Daniel, da Murielle, da jikoki da dukkan dangi na nan da na nesa, ƙungiya tana roƙon Ubangiji Maɗaukaki ya sanyaya zukatanku, ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya sa marigayin ya huta tare da salihan bayinsa, ya sa ambatonsa ya zama albarka a gare ku da mu baki ɗaya. Ta'aziyya ta sauko muku daga sama.

Ga mazan al'ummarmu kuwa, ga adireshin, mun buga shi da yardar Uwargida Ginette, tunda maƙiyi ma ya riga ya san shi: lamba 14, Layin Tilleuls, hawa na uku. Addu'ar yamma ƙarfe bakwai ce, ta safe ma ƙarfe bakwai. Mambobinmu za su tsaya a layin, 'yan sanda sun yi alkawarin sintiri. Mun san tsoro, mu ma da shi muke hawa benen nan, ba mu ce kowa ya daina ji ba. Ka zo da hular hana-sallah in ka ga dama, ka ajiye motarka a wani layin, ka biyo ta baya, duk ba komai, kai dai ka hau. Uwargida Ginette ta sa an juya kujerarta ta fuskanci ƙofa, ta ce yau da yamma ita za ta yi ƙirgar da bakinta, da ƙarfi, kowa da sunansa da na ubansa, ɗanta yana tsaye a gefenta yana jira. Kada ku bar tsohuwar nan ta tsaya a bakwai.

Sa hannu,
Armand Uzan
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Iyaye Masu Gadin Majami'ar Ner Tamid, Marseille